Tanderun Tsiala

Lemu na ɗauko daga Kobuleti, kwali ɗari da arba'in,
zan kai Tibilisi kafin gari ya waye.
A gangaren Surami injin ya yi tari sau biyu,
ya yi shiru.
Wayata ba caji. Dusar ƙanƙara na zuba
kamar ana tankaɗe gari a sama.

Rumfunan masu burodi duk an ja ƙyaure,
sai ɗaya, can ƙarshe, mai jan haske.
Wata tsohuwa ta zura rabin jikinta cikin tanderu
tana ɓamɓaro na ƙarshe daga bango.
Ba ta tambayi sunana ba,
ba ta ce ɗan wane ne kai, daga ina.
Takalmina ta kalla, ta ce, "Cire, sun jiƙe."

Burodi mai zabibi da kirfa, yana ƙona yatsu.
Na ci kamar wanda ya yi sata.
Ta sauko da kwat daga ƙusa,
ta mijinta ce, shekara tara yana ƙasa,
har yanzu da warin taba a wuyanta.
A lungu kyandir siriri na ci
gaban hoton Almasihu da hayaƙi ya dafe,
idanun kaɗai suka rage fari.

Na ce, "Akwai bakanike a nan kusa?"
Ta daɗe tana goge hannu da zane.
"Akwai," ta ce. "Otar. Gidansa na manne da nawa.
Shekara bakwai ba mu gaisa ba
a kan itacen tuffa da ya tsiro bisa shinge."
Na ce a bari, gobe ma rana ce.
Ta ce, "Lemunka ba zai kai gobe ba, sanyi zai cinye."

Ta yi alamar gicciye, daga dama zuwa hagu,
ta ɗauki fitila.
Na bi sawunta da ido har ƙofar maƙwabci.
Na ga hannunta ya tashi, ya tsaya, ya sauka,
ya sake tashi.
Ƙwanƙwasa uku na ji,
kuma ban taɓa jin abu mai nauyi haka ba.

Otar ya fito da sifana da baƙar fuska.
Ita ta riƙe masa fitila, shi yana cikin injin,
ba mai kallon wani.
"Ɗaga sama." Ta ɗaga.
"Hagu kaɗan." Ta karkata.
Maganarsu ta farko ke nan, a kan motar baƙo.

Da injin ya tashi na zaro lari hamsin.
Ta ture hannuna kamar na miƙo mata garwashi.
"Ban san da wace fuska Ubangijina zai zo ba," ta ce,
"shi ya sa ba na zaɓe.
In da kai ne Shi, da zan karɓi kuɗinka?"
Na ajiye kwalin lemu a bakin ƙofa, na gudu.
A madubi na hango ta tana turawa da ƙafa
zuwa wajen Otar.

Bayan Ista na koma mayar da kwat.
Tuffa ta yi fure, rabi nan, rabi can,
benci ɗaya a ƙarƙashinta, kofi biyu.
Na ce, "Iya Tsiala, ni ne."
Ta ƙanƙance ido, ta duba ni sama da ƙasa,
ta duba kwat ɗin, ta gane shi, ta yi dariya.
"Shi na sani," ta ce. "Kai kuwa,
wanne ne a cikinsu?
Zauna dai. Yanzu na sauke mai zafi."